Tambaya: yaya ake gane fatar gaskiya in za a sayi jaka, takalmi ko bel?

Maman Hanif ta rubuta:

Assalamu alaikum yan uwa barkanmu da warhaka. Dan Allah masu sani a harkar fata ku taimaka min da shawara.

Kanina ne zai yi aure bayan babbar sallah in sha Allah, ni aka dorawa hada lefe tunda nice babba a dakinmu. Atamfa da leshi da shadda duk bani da matsala dasu don Kwari na santa ciki da bai, inda na makale shine jaka da takalmi, sai kuma bel da walat da nake so na saya masa shi angon daga aljihuna. Abinda yasa nake dari-dari kuwa abin da ya faru dani ne. Lokacin nawa auren jaka shida aka sako min, biyu na dinga rikewa, hudu na adana a kasan akwati ko ledarsu ban cire ba ina cewa sai wani babban biki ya taso. Bayan kamar shekara uku na dauko daya zan je suna, wallahi ina daga hannunta saman ya fara zubowa kamar bawon soyayyar gyada, duk ya bata min mayafi, na bude sauran ukun suma haka. Kuma biyu daga ciki an buga musu Genuine Leather, wato fatar gaske, baro-baro a jiki. Abin ya min ciwo sosai don na san bayin Allah nan sun kashe kudi ba kadan ba.

To tambayata, wai fata ce take lalacewa haka a ajiye ko dama can ba fata bace? Kuma in fata ce wacce tafi, ta saniya ko ta akuya ko ta rago? Jiya na shiga shago biyu, daya yace min tasa yar Italiya ce daya yace yar Turkiyya, ni dai duk kyalli nake gani iri daya. Wata kawata tace a kyasta ashana a gani, to ni ina zan iya kyasta ashana a kan kayan mutane a cikin shagonsu. Bana so yarinyar nan ta bude akwati nan da shekara biyu ta ga abinda na gani. Na gode.

Dan Dukawa ya rubuta:

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya sanya alheri ya kaimu lokacin. Ni dukanci gadon gidanmu ne, tun ina firamare nake zama gaban mahaifina ina mika masa basilla, yanzu kuma ina da tawa rumfar a Kurmi.

Gaskiyar magana abinda ya zube a jakunkunan nan naki roba ce. Fata bata yin bawo. Fata in ta wahala bushewa take tayi tauri ta tsage, ko damina tasa tayi fumfuna, amma ace tana zubowa a hannu kamar dusa, a'a. Yadi ne aka shafe shi da roba aka buga masa zanen fata, kuma robar nan tana da wa'adinta ko kin rike ko kin ajiye, zafi da danshin cikin akwati ma kara mata sauri suke.

In kin shiga shago ki bar ta rubutu ki bar ta kyalli, ki nemi baki. Kowace jaka akwai inda wuka ta bi, bakin madauri ko cikin aljihu ko gefen zif, nan zaki duba. Fata in an yanka ta abu daya ce daga sama har kasa, bayanta kuma yana da dan kaushi da silili-silili nata na kanta. Roba kuwa hawa-hawa zaki gani, sama santsi, tsakiya wani abu kamar soso, kasa yadi har da zare yana leko. In an nade ko'ina an shafe bakin da fenti to ki ja shafin ciki ki taba bayan da yatsa, in mai shago ya hanaki taba ciki to da walakin goro a miya. Sannan ki danna babban yatsa a jiki, fata zata yi yan kananan tamoji kewaye da yatsan kamar bayan hannun mutum, kina dagawa ta koma. Ki kuma shinshina, hanci baya rudewa tsakanin fata da kamshin sabon bokiti.

Maganar wace dabba kuma ya danganta da me za ayi da ita. Ta akuya bata da kauri amma akwai karfi, bata da nauyi, fuskarta da yan kananan kuraje masu kyau, ita muke so a jakar mata da walat da saman takalmi. Wadda tafi duka ita ce ta jar akuya, ta kasar Sakkwato. Ta rago da tunkiya tafi laushi nesa ba kusa ba, in kin taba kamar kada ki saki, amma tana mikewa kuma bata son gogayya, jakar da za a dinga cusa waya da makullai da turare kullum ba da ita ba. Bel kuwa Hajiya kirgi zaki nema, wato jemammiyar fatar saniya, falle daya mai kauri. Duk bel din da kika ga an hada falle biyu ko uku an dinke gefe to ki yi hattara, daga wajen hudar nan zai fara budewa kamar littafi.

Mu tamu jimar ta gargajiya har gobe ana yinta a Majema nan Kofar Wambai. A jika fata, a sa ta a ruwan toka gashi ya saki a kankare, a wanke, sannan ta kwanta a ruwan bagaruwa da aka daka, a shafa mata mai a shanya a dinga ja ana murzawa har tayi laushi. Ja da karan dafi ake rinawa, baki da kuloko, rawaya da gangamau, koriyar nan kuma da ake ado da ita ita ce korino. Fatar bagaruwa tana dada kyau da tsufa, hannu da rana suna sa ta dada duhu tana sheki, akwai jakar Alkur'ani ta kakana a gidanmu har yau ana sa allo da takardu a ciki.

Amma bazan boye miki namu aibin ba. In majemi yayi gaggawa fatar tana wari, musamman da damina, kuma warin baya fita. Wani rinin kuma yana zuba, ango ya sa farar shadda ya daura sabon bel ko ya zura jan walat a aljihu gumi ya taba, shikenan an bata shadda. Ki tafi da farin hankici ki dan jika shi ki goga a wani lungu na kayan, in ya dauko launi ki ajiye musu abinsu. Wannan ba mai hanaki, ba kamar ashana ba.

Tsohon ma'aikacin Challawa ya rubuta:

Malam Ɗan Dukawa ya yi bayani, Allah ya ƙara basira. Ni ta ɓangaren kamfani zan ɗan ƙara, na yi shekara 9 ina aiki a wata masana'antar jima a Challawa ta Kano, kuma akwai wuri ɗaya da zan ɗan saɓa masa.

Ba lallai ne a ce waɗancan biyun masu tambari ƙarya aka rubuta ba Hajiya, zai iya yiwuwa akwai fata a cikinsu, sai dai wace fata. Fatar saniya tana da kauri sosai, don haka akwai injin da ke tsaga ta a kwance ya fitar da falle biyu, wani lokaci ma uku. Fallen sama, wanda gashi ya tsiro a kai, shi ne mai ƙarfi don nan zaren fata ya fi cukuɗewa. In an bar fuskarsa yadda Allah ya yi ta, da ƙofofin gashi da ɗan tabon ƙaya ko cizon kaska, wannan ita ce lamba ɗaya, Turawa suna ce mata ful giren. In tabon ya yi yawa sai a goge fuskar da inji a fesa fenti a buga mata zane, wannan ma fata ce mai kyau kuma ita ce a yawancin takalman ofis, sai dai ba ta yin kyan tsufa irin ta farko. Fallen ƙasa kuwa ba shi da fuska kwata-kwata, gaba da baya duk kaushi. Ko dai a bar shi haka a gyara ya zama mai laushin nan kamar karan-miski da ake takalmi da shi, ko kuma, nan ne matsalar take, a shimfiɗa masa roba a sama a buga zane ya fito yana ƙyalli. In kin duba bayansa za ki ga fata, in kin shinshina za ki ji fata, a buga masa Genuine Leather, amma saman roba ne kuma zai ɓare kamar yadda naki ya ɓare. To kin ga duba baya kaɗai bai wadatar ba, sai kin haɗa da duba fuska a wurin haske ki ga ko akwai ƙofofin gashi na gaske, waɗanda ba a jere suke reras kamar an auna ba. Zanen inji maimaita kansa yake.

Akwai ma wadda ta fi wannan lalacewa, ragowar yanke-yanken fata ake niƙawa a kwaɓa da gam a matse a fitar da shi falle-falle, kamar katakon nan na garin katako da ake kabad da shi. Yawancin bel masu arha da ita ake yi, wata uku ya karye.

Ita kanta kalmar leda da muke kiran jakar roba da ita, daga sunan fata na Turanci aka aro ta, shi ya sa ake ruɗewa a kasuwa. In mai shago ya ce leda ce orijinal ki tambaye shi da Hausa, fatar wace dabba ce.

Jimar kamfani kuma ba da bagaruwa ake yi ba, da sinadarin kurom ake yi a cikin manyan ganguna masu juyawa, kwana ɗaya zuwa biyu an gama, fatar ta fito da wani shuɗi-shuɗi tana jiƙe, wet bulu muke ce mata. Mafi yawan fatar da ke duniya yau haka ake jeme ta. Ta fi laushi, ta fi jure ruwa, tana karɓar kowane launi, in kin ga yankakken bakin jaka da ɗan toka-toka ko shuɗi a tsakiya to ita ce, ba aibi ba ne. Wannan ne ma ya sa gwajin ɗiga ruwa da mutane ke faɗa ba abin dogaro ba ne, fatar bagaruwa za ta shanye ruwan wurin ya yi duhu, amma fatar kamfani da aka fesa wa fenti ruwan zai tsaya a kai kamar roba alhali fata ce tsantsa.

Batun 'yar Italiya kuwa abin yana ci min rai. Da hannuna na sha jera fatun akuya da na tumaki a kwantena za a kai Italiya da Sifen, a can a ƙarasa su a ɗinka a dawo mana da su da tsada. Kuma ba yau aka fara ba, tun zamanin ayari ake ketare Sahara da jar fatarmu zuwa Arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai, Turawa suka sa mata sunan Maroko suna bangon littattafai da ita. Baturen nan ɗan Jamus, Barth, da ya zo Kano a 1851 ya rubuta yadda ake fitar da takalma da jemammun fatu daga garin. Ta saniya ce dai muke ƙarancinta, don mafi yawa ganda ake yi da ita a cinye kafin ta ga majemi, shi ya sa kirgi mai kyau yake tsada.

Anti mai jaka ta rubuta:

Maman Hanif sannu da hidima. Ni sana'ata kenan saida jaka da takalmi na mata shekara da shekaru, kuma zan fada miki tsakani da Allah kusan duk setin jaka da takalmi da ake zubawa a lefe yanzu roba ne, har masu tsadar, har wadanda aka makalawa sunan manyan kamfanonin Turai. Ni bana boyewa kwastoma. Kuma ba wai haramun bane sayen su, amarya tana son kala-kala ta dace da leshinta, gwal da silba da pink, wa zai iya sayen fata kala shida a wannan rayuwar da ake ciki. Abinda nake gayawa mutane shine kada a tara. Ki sa mata na yayi guda biyu ko uku ki gaya mata ta rike su yanzu yanzu ta more kudinta, kada ta ajiye, sannan ki kara kudi ki sai mata guda daya ta fata baka ko ruwan kasa wadda zata shiga da kowane kaya. Kuma ki tambaya yaushe kayan suka zo, don wani ya dade a sito shekara biyu kafin ya iso shago, kwanansa ya riga ya kusa karewa. Ki lankwasa madaurin ki kankara da farce a boye, in kika ji yana danko ko ya yi fari a wajen lankwasar to ya fara mutuwa.

Masu zanen kada da na jimina da na mesa ma kusan duk bugun inji ne, ta gaske kudinta ba na lefen talaka bane, kuma fita da irinsu kasar waje sai da takarda don akwai dokar kare namun daji ta duniya a kansu.

Ke kanki in kina son jakar fata da sauki ki leka gwanjo, wallahi ana tsintar masu kyau, don duk wadda ta sha hannu a Turai ta tsallako teku cikin dila bata bare ba ai ta gama cin jarrabawa. Amma dai ba a lefe ba kar dangin amarya su dauke mu da magana.

Maman Hanif ta rubuta:

Kai Allah ya saka muku da alheri, wallahi na karu. Malam na Challawa dan Allah wata tambayar, maigidana ne na karanta masa yace in tambaya wai da gaske ana sa fatar alade a takalma da walat na waje? Abin ya daga min hankali don angon nan walat dinsa a aljihu zai dinga sallah dashi.

Tsohon ma'aikacin Challawa ya rubuta:

Da gaske ne Hajiya, amma an fi sa ta a shafin ciki, cikin takalmi wajen dunduniya, cikin walat, cikin safar hannu, don tana da arha kuma tana shan gumi. Gane ta ba wuya. Ki duba ƙofofin gashin, na alade manya ne kuma uku-uku suke zuwa a tare kamar duwatsun murhu, tazara kaɗan sai wasu ukun, kuma hudar tana ratsawa har baya don gashin alade yana shiga da zurfi. Na akuya da na saniya ƙanana ne a cike ko'ina. Ki haska fitilar waya a cikin takalmin za ki gani.

Hukuncin kuma na malamai ne, abin da na sani dai akwai hadisin da ya ce in an jeme fata ta tsarkaka, amma a mazhabarmu ta Malikiyya fatar mushe ko an jeme ta ba a sallah a kanta, ta alade kuwa jima ba ta halatta amfani da ita. Maigida ya tuntuɓi malaminsa. In kina son hankalinki ya kwanta gaba ɗaya ki sa a ɗinka masa a gida da fatar dabbar da aka yanka a nan.

Badamagare ya rubuta:

Salamu alaikum, gaisuwa daga Damagaram. Ina bin zancen nan tun ɗazu. Jar akuyar da Malam baduku ya ce ta Sakkwato, mu nan jar akuyar Maraɗi muke ce mata, iri guda ce iyaka ce kawai ta ratsa, kuma nan Zinder ma akwai majema da dukawa tun kaka da kakanni, ga kuma aikin matan Buzaye na wajen Agadas masu jaka da tuntaye da koren ado.

Abin da zan ƙara shi ne ajiya, don ko fatar gaske ce in an wulaƙanta ta sai ta lalace. Kada a ƙulle ta cikin leda, fata tana son iska, a sa ta a tsohuwar rigar matashi ko jakar yadi, a cusa takarda a ciki kada ta lotsa. Da hunturu iskar nan tana tsotse mata mai, sai a lakaci man kaɗe kaɗan a tsumma a murza a bari ya kwana a goge, kaɗan fa, in ya yi yawa sai ta yi duhu ta riƙa kama ƙura, kuma mai kaushin nan irin karan-miski ba a sa mata mai sam, buroshi ake sa mata. In ruwan sama ya dake ta a bar ta ta bushe a inuwa, kada a kai ta rana ko bakin wuta, nan take ƙanƙancewa ta yi tauri.

Sannan tunda kafin bikin akwai layya, don Allah a riƙa kula da fiɗa. Wuƙa ɗaya in ta huda tsakiyar fata ta kashe mata daraja, kuma a zuba mata gishiri da wuri kada a yar da ita a rana har yamma.

Dan Dukawa ya rubuta:

Malam na Challawa na karbi gyara, wannan mai roba a sama fata a kasa ta sha shigo mana gyara kuma ba yadda muke da ita, in ta fara barewa ba dinki ba fenti. Hajiya in zaki bada dinki ki kawo awon kugun ango ko tsohon bel dinsa, ki ce a nuna miki fatar tun kafin a yanka ki juya ta gaba da baya da hannunki, ki kuma zabi kan bel din da kanki don sau da yawa fatar tana nan garau karfen ne yake fara tsatsa. A bada sati biyu kada a zo ana gobe kai lefe.

Maman Hanif ta rubuta:

Yan uwa na dawo da labari. Yau na koma shagon farko da hankicina da fitilar waya, jakar da yace min yar Italiya ce na ja shafin ciki na leka, farin yadi ne a bayan da zarensa. Na nuna masa, bai yi musu ba yace shima haka aka saida masa, ya shiga ciki ya dauko min wata baka da bata kai waccan kyalli ba, na duba bakin madaurin abu daya ne har kasa da dan toka-toka a tsakiya, na danna tayi tamoji, kofofin gashin ma na gansu kanana ba uku-uku ba. Kudinta ya kusa ninka na waccan amma na dauka. Na yayi kuma guda biyu kawai na saya kamar yadda Anti tace, gwal daya silba daya. Bel da walat ranar Asabar zan shiga Kurmi in sha Allah, na riga na karbo tsohon bel dinsa a wajen Umma ba tare da ya sani ba. Malam Dan Dukawa ta wace kofa zan shiga da tafi kusa da layinku, ta wajen Jakara ko ta ina?